Yadda Jimrau Ya Tada Kat-kat ta Uwale

A duk faɗin Dakoro babu wanda bai taɓa jin labarin tafiyar Jimrau Agadas ba, domin ko ba ka tambaya ba sai ya ba ka. Sau ɗaya ya je, yana karen mota a kan buhunan gero, kuma waɗanda suka yi tafiyar tare da shi sun ce tun daga fita gari yake amai har aka isa. Amma a bakin Jimrau tafiyar nan kullum ƙara tsawo take yi. Bara ta tsaya Agadas, bana ta wuce Bilma, kuma shi ne ya ja motar, shi ne ya sauke inji a tsakiyar rairayi ya wanke shi tas ya mayar, shofer na zaune yana kuka. Sana'arsa ta gaskiya gyaran tocila da rediyo ce a gindin wani bedi kusa da tasha. Rediyon da ya shigo hannunsa yana magana ƙasa-ƙasa, yakan fita ya yi shiru gaba ɗaya.

A unguwarsu akwai Uwale, matar marigayi Mahamadu shofer. Mace ce wadda in mai barkono ya hango ta daga nesa sai ya fara rage kuɗin kayansa shi kaɗai, don a gama da wuri. Marigayi ya bar mata wata tsohuwar kat-kat, irin mai jan ƙafa huɗu, wadda ta sha kai mutane kasuwannin Birnin Lalle da Mai Yara har fentinta ya koma launin hanya. Injinta lafiya lau yake. Ciwonta ɗaya: in aka murɗa makulli sai ta ce "ƙat", ta yi shiru. Sai dai a tara maza su tura. Uwale ta taɓa kiran Rashidu mai garaji, da ya faɗi abin da zai karɓa ta ce masa ai ba sabuwa ta ce ya ƙera mata ba, tun ranar ba su ƙara gaisawa ba.

To sai ga wani makiyayi daga Tagriss, sunansa Agali, yana son motar don kai wa dabbobinsa ruwa da dusa. Sun yi magana a kan da karsana zai biya, amma ya kafa sharaɗi: sai ya ga ta tashi ba turi, domin a dajinsu babu mai tura masa sai raƙuma, su kuma ba su yarda ba. Ya ce ranar kasuwa zai shigo ya gani da idonsa.

Jimrau na jin haka ya tafi ya durƙusa a ƙofar ɗakin Uwale.

"Inna, na ji an ce kina neman mai tada mota."

"Ni ma na ji maƙwabciyata Shafa'atu na neman mai tada rediyonta da ka kashe."

"Rediyo wasan yara ne, Inna, hannuna ya yi mishi girma. Ni ɗan inji ne. Wagga mota in na taɓa ta, tari guda za ta yi ta tashi."

"Mi za ka amsa?"

"Ko dala."

Uwale ta dube shi tun daga hula har takalmi, domin ita a duniya babu abin da take tsoro kamar kayan da aka ce kyauta ne.

Jimrau ya matso. "Abu guda nike so. Agali bai iya tuƙi ba. In kin saida mishi mota, ki saida mishi har da shofer. Ki ce ba ta jin hannun kowa sai nawa."

Ta juya maganar ta ga ba ta cin ko ƙwayar geronta. "In ta tashi ba turi kahin shi iso, na sa ka cikin ciniki. In ka ɓata mini ko ƙusa guda, har ɗakinka zan bi ka."

Kafin rana ta faɗi Jimrau ya gama sallamar mutanen tasha. Ya ce musu shi ya zama shofer a Tagriss, inda ake karin kumallo da madarar raƙumi da cuku, kuma duk wanda ya raina shi ya shirya shan ƙura ranar da zai wuce. Har gindin bedinsa ya ba wani mai faci, ya haɗa masa da benci.

Ranar kasuwa da hantsi ya iso gidan Uwale cikin wata rigar makanise ta gwanjo, irin wadda riga da wando ke haɗe. An ɗinka ta ne don mutum biyu irinsa, duwawunta na reto har gwiwa. Saboda zafi bai sa komai a ciki ba sai wani gajeren wando da ya ga shekaru. Ya sauke buhun ƙarafa a tsakar gida, ya shiga cikin motar ya ja wayar da ke buɗe kapo, wato murfin inji, ya fito ya ɗaga shi ya tokare da kara. Kaza ta tashi daga ciki tana zagi. Maƙwabta suka fara leƙowa ta saman zana.

Ya dubi injin ya girgiza kai kamar likita. "Batiri ne. Ya mutu murus."

Uwale ta ce, "Hitila na kamawa, oda na kuka."

"Kukan mutuwa ne, Inna."

Ya nufi gidan Malam Kalla, ladanin ɗan masallacin unguwa, ya roƙi aron batirin lasifika, ya rantse zai mayar kafin azahar. Malam Kalla dattijo ne mai kunya, bai iya cewa a'a ba, amma kuma bai iya barin batirin ya tafi shi kaɗai ba. Ya biyo shi a baya kamar mai rakiyar amarya.

Jimrau ya cire tsohon ya ɗora na masallaci. Yana ɗaurewa sai ƙarfen hannunsa ya haɗa kawunan batirin biyu. Wuta ta yi tartsatsi, wani ƙauri ya tashi, da ya ɗago rabin gashin bakinsa babu.

Ya ce, "Kun gani? Wuta ta isa har ta yi yawa. Malam, shiga ka murɗa."

Malam Kalla ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Mota ta ce "ƙat".

"To demarar ne ya yi barci," in ji Jimrau. Ya juya wajen masu leƙe ya yi musu karatu: demarar shi ne ɗan ƙarfen da ke juya inji ya tashi, in ya tsufa yakan yi nauyin barci, a Agadas dukansa suke yi. Ya aika a aro taɓaryar Shafa'atu, maƙwabciyar Uwale mai fura. Shafa'atu ta kawo da kanta, ta zauna a kan turminta a ƙofar gida, ta ce yau ko furar ta kwana sai ta ga ƙarshen wannan aiki.

Matsalar ita ce Jimrau bai san inda demarar yake ba. Ya shige ƙarƙashin motar ya duba, ya ga abin da ya fi kowane girma shi ne tulun hayaƙi, ya ce a ransa abin da ke tada irin wannan mota ba zai zama ƙarami ba. Ya ɗirka masa taɓarya. Baƙin hayaƙi na shekara da shekaru ya zubo masa a fuska. Ya ƙara ɗirkawa, sai rina da suka yi gida a wurin suka fito neman wanda ya rushe musu ɗaki. Jimrau ya fito da rarrafe yana marin kunnuwansa, fuska baƙa ƙirin sai idanu.

Shafa'atu ta ce, "Inna Uwale, kin yi baƙo? Ina kinka kai Jimrau?"

Uwale ba ta yi dariya ba. "Marigayi ta sama shike leƙa shi, can gehen inji, inda babbar waya ta ƙare."

"Na sani, Inna. Ƙasa nike gwadawa tukuna. Ba a hawan itace ta ganye."

Ya hau ƙarfen gaban motar ya leƙa, ya gano demarar, ya zungure shi da taɓarya sau da yawa. Malam Kalla ya murɗa. "Ƙat."

Yanzu mutane sun daina leƙe, sun shigo sun zauna. Har mai goro ya bar tallarsa ya sami inuwa. Jimrau ya ji idanu a bayansa, ya ce tun farko dama ya san ba demarar ba ne, wuta ce ba ta kai wa buji, masu kunna mai a cikin inji. Ya zaro wata waya daga bobin, abin da ke aika musu wutar, ya miƙa wa Malam Kalla.

"Riƙe nan, Malam. In ka ji wani abu ka hwaɗa mini."

"Kamar mi?"

"Ɗan motsi haka."

Ya bar makulli a kunne, ya buɗe wani ɗan ƙoƙo da wayoyi ke fitowa daga kansa, ya sa turnabis, ƙarfen kwance ƙusa, ya taɓa abin da ke ciki. Malam Kalla, wanda tun da aka san shi ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, ya yi tsalle ya bar takalmansa a inda suke. Hularsa ta faɗa cikin kwanon ruwan kaji. Ya tsaya yana yarfa hannu yana salati.

"Ka ji wani abu?" in ji Jimrau.

"Na ji, ɗan nan. Har haƙorin da anka cire mini ya ji."

"To wuta lahiya lau." Ya mayar da wayar, ya rufe ƙoƙon, ya kuma murɗa wata ƙusa ta mai har ƙarshe, wai don in ta tashi kada ta yi saurin mutuwa.

Shafa'atu ta gyara zama. "Jimrau, tsakaninka da Allah, ka taɓa jan mota? Ko amalanken jaki?"

Wannan ta soke shi. Ya jefar da turnabis, ya shiga ya zauna a kujerar shofer, ya kama sitiyari da hannu ɗaya ya leƙo da gwiwar ɗayan ta taga.

"Ke mi kinka sani? Ranar da munka taras da tudun rairayi bayan Agadas, tsawonshi ya kai hasumiya. Shofer ya ce mu koma. Na ce matsa." Ya kama wani gajeren ƙarfe da ke gefen ƙafarsa ya ja shi da ƙarfi har ya ce ƙarass. "Wannan shi ne karabo. In ka sa shi, ƙahwahu huɗu duka ke ja, tahiya a hankali amma ko bango ta samu sai ta hau." Ya kama dogon ya tura gaba. "Na sa ta ɗaya. Na ce kowa shi riƙe rawaninshi." Ya yi kukan inji da bakinsa, ya karkata hagu, ya karkata dama, ya hau tudun ya sauka, ya share gumi.

"An iso?" in ji Shafa'atu. "To a sauke mu."

Aka kwashe da dariya. Mai goro ya miƙa hannu ta taga ya danna oda. Jimrau ya fusata, ya ce ya gano ciwon motar nan, baki ne da ido, mutane sun yi mata yawa. Ya murɗa gilasan duka sama, ya danna makullan ƙofofi, ya bar makulli a kontak, wato raminsa, a kunne, ya fito ya banko ƙofa. Ƙofar baya dama tun zamanin marigayi da waya take ɗaure ta ciki. Ƙarafan nan biyu da ya ja ya tura, suna nan inda ya bar su, tunaninsu bai ko gifta masa ba.

Abu ɗaya ya rage masa, wanda da gaske ya taɓa ganin an yi a hanyar Agadas, tsakanin amai da amai. Ya ga shofer ya haɗa ƙusoshin demarar biyu da turnabis, mota ta tashi ba a taɓa makulli ba.

"Kowa shi ja baya," in ji shi. "Wannan ba a koya wa mutane."

Ya hau ƙarfen gaba, ya zura rabin jikinsa cikin inji, ya lalubi ƙusoshin, ya ɗora turnabis.

Ta tashi. Ta yi gurnani irin na zaki, ta zabura gaba. Karan da ya tokare kapo ya karye, murfin ya bugi bayan Jimrau, ya fizgo kansa ya juya zai dira, murfin ya rufe garam ya kama rarar rigar nan tasa ta baya ya kulle. Sai ga Jimrau zaune daram a kan ƙarfen gaba, ƙafafu na lilo, fuska na kallon hanya, kamar rago za a kai shi kasuwa.

Kat-kat ta tunkari zanar gidan Uwale ta kwantar da ita, ta taka ta fita titi.

Ba gudu take ba. Tafiya take irin ta basarake, wadda ko tsohuwa mai sanda za ta iya jerawa da ita. Mutane suka bi ta gefe da gefe suna jan ƙofofi, ƙofofi a kulle. Aka ja kapo, mabuɗinsa na ciki. Ga makulli nan ana ganinsa ta gilashi yana lilo.

"Inna, ta tashi ba turi," in ji Jimrau daga gaba. "Ki shaida."

"Na shaida. Tsaida ta."

"Gwaji nike mata tukuna."

Wani ya ce ya tuɓe rigar ya sauka. Jimrau ya dubi matan da suka cika titi, ya tuna gajeren wandonsa, ya ce makanise ba ya barin mota a tsakiyar gwaji.

Aka sa dutse a gabanta, ta hau ta sauka ko tari ba ta yi ba. Aka jawo kututturen itace, ta hau. Mai goro ya sure turmin Shafa'atu ya gara shi gaban taya, turmin ya ce ƙwas ya rabu biyu.

"Turmin aurena," in ji Shafa'atu. "Jimrau, ko Tagriss ka tahi sai ka sassaƙa mini wani da haƙoranka."

Samarin tasha suka kawo igiyar rijiya suka ɗaura a bayan motar, suka jeru suka kafa dugadugai a yashi. Ta tafi da su duka suna huɗar titi da ƙafafu kamar garmar shanu. Malam Kalla na biye ba takalmi, yana ɗaga hannu yana cewa a yi hankali, akwai kayan masallaci a ciki, ga azahar ta gabato.

Wani mahauci ya ɗauko dutse ya nufi gilashin ƙofa. Uwale ta sha gabansa.

"Aje shi. Duk motar nan gilashi kaɗai ne bai taɓa ganin faci ba. Wanda ya hwasa shi, shi ya saye ta."

Mahauci ya ajiye.

Haka aka bi ta gaban masu shayi. Mutanen tashar da Jimrau ya yi wa alkawarin ƙura suka miƙe tsaye da kofuna a hannu. Shi kuwa ya gyara zama, ya harɗe ƙafa, ya ɗaga musu hannu da baƙar fuskarsa da rabin gashin baki.

Mai facin da ya gaji bencinsa ya ce, "Shofer, ba ciki ake zama ba?"

"Sabon shiga ke zama ciki. Mu daga nan muke jin inji."

Daidai nan sai ga Agali ya fito daga wajen kasuwar dabbobi, dogo, naɗe da rawani har hanci, da sandarsa a kafaɗa. Ya tsaya ya ga motar da ya zo saye tana tafe, kujerar shofer babu kowa, mutum a gaba, samari na jan igiya a baya, rabin gari na rakiya. Uwale ta gyara mayafinta ta ƙarasa wajensa kamar dama haka ta shirya.

"Sannu da zuwa, Malam Agali. Na ce kada in wahalshe ka zuwa gida, na kawo maka ita."

Agali ya jera da motar yana kallon tayoyi. Ya kara kunne a jikinta yana tafiya. Ya waiwaya ya dubi samarin da take ja, ya ƙirga su da ido.

"Wa ya tura ta?"

"Ka ga mai turi? Duk waɗannan riƙe ta suke."

"Tana da ƙarhi," in ji shi a hankali. "Karsanar da munka yi magana, tana nan."

"Waccan magana ta motar da ake turawa ce. Wagga da ka gani ko shofer ba ta jira. Sai ka ɗora rago."

"Ba mu yi maganar rago ba, Hajiya."

"Ba mu yi maganar za ta ci turmi ba, ga shi ta ci."

Shi Jimrau da ke gaba shi ya fara ganin abin da ke tafe. Titin ya karkata hagu zuwa kasuwa, mota kuwa ba ta san da karkata ba. A miƙe, bayan ɗan gangare, tabkin masu bulo ne, wanda ruwan damina ya cika har baki. Ya sauke ƙafar da ya harɗe.

"Inna," ya ce. "Inna Uwale. Gwaji ya ƙare. A hwasa gilashi."

"Manya na magana," in ji Uwale, ko kallonsa ba ta yi ba. Ita ma ta ga tabkin. Ta matsa ta tsaya ta yadda faɗin mayafinta da taron mutane suka shiga tsakanin Agali da gaba.

Agali ya ce, "To yaya ake tsaida ta?"

"Mai tashi ka ce kana so. Tsayawa ba mu yi cinikinta ba. Rago, ko in ba mutumin Mai Yara da ke jirana tun sahe."

"Ƙaramin rago."

"Mai ƙaho."

"Inna, ruwa," in ji Jimrau.

Agali ya sake duban samarin, waɗanda yanzu biyu sun faɗi ana jan su rub da ciki. Ya ce, "Mai ƙaho. Na saya."

"Malam Kalla, ka shaida?"

Malam Kalla yana haki ya ce, "Na shaida, amma batiri ba ya ciki."

"Na sallama. Allah shi sa albarka." Ta ja gefe ta buɗe masa hanya.

Sai a lokacin Agali ya ga tabkin. Ya ɗaga sandarsa zai sauke wa gilashi, ya dube shi, ya tuna yanzu nasa ne, hannunsa ya tsaya a sama. Kafin ya gama shawara samari sun saki igiya, kat-kat ta gangara cikin natsuwa ta sa ƙafafun gaba a ruwa. Jimrau ya ɗaga ƙafafunsa. Ruwa ya zo gwiwa. Ya ɗaga hannuwa. Ruwa ya zo ƙirji. Motar ta shiga har fitilunta suka nutse, ta yi tari, ta yi atishawa, ta saki wani farin hayaƙi, ta yi shiru. Kwaɗi suka ɗauka daga inda ta tsaya.

Masu bulo suka shiga da wuƙa suka yanke rigar daga bakin kapo. Rabin rigar na baya ya zauna a jikin mota. Jimrau ya shafa bayansa, ya ji abin da ya rage, ya dubi jama'ar da ta kewaye tabkin har da 'yan kasuwar Birnin Lalle da suka bar kayansu, sai ya durƙusa cikin ruwa zuwa wuya. Aka ce ya fito. Ya ce yana duba ƙasan motar.

Agali ya daɗe yana tsaye a bakin ruwa. Masu amalanke suka ce masa shanu huɗu za su fid da ita kafin la'asar, in ta sha rana ta bushe Rashidu mai garaji zai san yadda zai yi da ita. Malam Kalla ya tafi kiran azahar da maƙogwaronsa, yana waiwayen kapo. Daga ƙarshe Agali ya gyara rawani ya juyo wajen Uwale.

"Na ce na saya a gaban shaida, ba ni tashin magana. Gobe a zo a kori dabbobi."

"Haka ake son namiji," in ji Uwale. "Saura abu guda. Motar da shofer take tahe. Ga shi can."

Ta nuna kan da ke yawo a saman ruwa, da ganyen bado a kunne. Jimrau ya ji ana maganarsa. Ya ɗan ɗago, ya share laka daga ido, ya yi wa sabon maigidansa murmushi.

Agali ya dube shi. "Wannan shi ya tada ta?"

"Shi ne. Na yi mishi alkawari in ta tashi ba turi yana cikin ciniki, ta kuwa tashi. Ni Uwale ba a taɓa jin na ci alkawari ba."

"Allah shi saka miki, Inna," in ji Jimrau daga cikin ruwa.

Agali ya ce, "In ƙara miki akuya, ki cire shi."

Uwale ta dafe ƙirji. "Haba Malam Agali. Alkawari hwa na ce maka. Ɗan mutane ya bar sana'arshi, ya ba da bencinshi, rina sun cije shi, ga rabin gashin baki ya tahi. Duk wannan a kan akuya guda?" Ta ɗaga yatsu biyu. "Biyu."

"Biyu," in ji Agali da sauri, kafin ta ƙara.

Tabkin ya ɗauki dariya har 'yan bulo na zama a laka. Shafa'atu ta ce a cikin biyun ɗaya ta turminta ce, Uwale ta ce su je gida su yi wannan maganar, kowa kuma ya san yadda za ta ƙare.

Jimrau ya zauna cikin ruwa har taron ya fara raguwa, sannan mai goro ya ji tausayinsa ya jefa masa buhun da yake rufe goro. Ya ɗaura a ƙugu ya fito yana ɗiga. A bakin tabkin mai faci na tsaye, ya ce masa bencin dai ya riga ya zama nasa.

"Riƙe abinka," in ji Jimrau, yana matse hularsa. "Ni yanzu na wuce benci. Je ka tambaya tun daga nan har Maradi, ka ji in akwai makanisen da anka taɓa biyan akuya biyu a kanshi, bai ko kama sitiyari ba."